Darasin Baƙo

Tun ranar da na samu gurbi a kwalejin horon malamai, mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya kafa min sharaɗi. Shekara uku ya ba ni, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. In na fito da takardar malanta, Allah ya sa albarka. In kuwa na faɗi, ko aka ce in maimaita, to in tattara littattafaina in same shi a kara. Baffa dillalin shanu ne a kasuwar Potiskum, yayyena biyu ma sana'ar da suke yi ke nan. A ganinsa, ƙato mai lafiya ya tsaya gaban yara yana ta ɗaga murya daga safe har azahar, wani nau'in zaman kashe wando ne da gwamnati ta ɗaure wa gindi.

Ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Yobe daga Borno ba, duk wanda ya yi boko idonsa na kan sababbin ofisoshin Damaturu. Malamin firamare kuwa daga nesa ake gane shi, da tsohon keke da farin alli a bakin hannun riga. In ya je neman aure, sai an tambaye shi ko yana da wata sana'ar bayan wannan. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba ƙaunar yara ce ta kai ni kwalejin ba. Tsoron kara nake yi. Ban iya ciniki ba, in mutum ya taya abu kunya nake ji in ce masa albarka. Ga kuma tsoron ƙaho, abin da Bafillace ba ya faɗa a gaban mutane. Aji shi ne mafakata, kuma na san da zarar an ture ni daga can, a kara zan faɗo.

A shekara ta uku aka tura mu koyarwar gwaji, wata uku kowa a makarantar da aka ba shi. Ni wata firamare aka ba ni a bakin gari, ta wajen hanyar Mamudo, aji huɗu. Dokar ita ce malamin kwaleji zai zo ba sanarwa, ya zauna a ajinka ya ga yadda kake koyarwa, ya ba ka maki. Wanda ya faɗi a nan, komai ƙoƙarinsa a takarda, sai ya dawo baɗi.

Yara sittin ne da 'yan kai a ajin, benci kuwa biyar. Ba wanda ya taɓa cewa wane ya zauna nan, wance ta zauna can, amma kullum zaman iri ɗaya ne. A kan benci 'ya'yan ma'aikata ne da na masu shaguna, masu cikakken yunifom da sandal da littafin rubutu. Gidajensu na kusa, ba su da aikin safe, su ke riga kowa zuwa. Sauran a ƙasa suke zama, kan simintin da ya farfashe, har zuwa bangon baya. 'Ya'yan manoma ne daga unguwannin gefe, da na makiyayan da ba su daɗe da zama gari ba. Sai sun ɗebo ruwa ko sun kora awaki sannan su taho, su iso an gama share fili. Tsakaninsu da Ngizimanci ko Karekare ko Fulatanci suke magana. In ɗayansu ya yi Hausa, 'yan benci su kwaikwayi harshensa su yi dariya, saboda haka suka koyi yin shiru. Darasi kuma da Turanci doka ta ce a yi. Ni da na zo ban sauya komai ba. Idona a layin gaba yake tsayawa, domin can ne nake samun amsa.

A sati na uku mai duba ni ta zo. Wata dattijuwar malama ce daga kwalejinmu, mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ranar na sha kunya. Na yi tambaya, aji ya yi tsit. Na sake yi, yara biyu suka ɗaga hannu, ɗaya ma fita yake nema. Da muka fito baranda ta nuna min takardarta, jan biro ya fi baƙi yawa. Ta ce saboda wahalar mai, motar kwaleji ba za ta iya zagaye sau uku ba kamar yadda aka saba. Sau ɗaya za ta sake zuwa, ba ta san ranar ba. In ta tarar da abin da ta gani yau, sai baɗi.

Bayan ta tafi na samu gindin darbejiya na zauna. Nan mai ajin ya same ni, wato malamin da na karɓi ajin daga hannunsa. Tsohon malami ne, Babarbare, tun da na zo bai taɓa barin wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya wuce shi ba.

Ya ce, "Ɗan Fillo, me ya faru ka yi zuru kamar an kore maka garke?"

Na ce, "Malam, ta ce in ta dawo ta ga haka, sai na maimaita shekara."

"Wane darasi ka yi mata?"

"Wanda ya zo a manhaja yau."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Kai dai Fulani ba ku da wayo sai na daji. Wa ya ce maka ana gwada sabuwar miya ranar da suruki zai zo? Ai darasin baƙo ake ajiyewa."

Ya yi min bayani. Darasi ɗaya za ka zaɓa, mai sauƙi. Kullum da safe ka maimaita shi da yara har ya zauna musu. Kowace tambaya ka ba ta mai ita, ya san amsarsa, ya san lokacinsa. Sauran yaran kuwa aikinsu ɗaga hannu kawai, don baƙo ya ga aji ya cika da hannuwa. Ranar da ya zo, sai ka buɗe darasin kamar yau aka fara jin sa. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana yi wa sufetoci haka, ba wanda ya taɓa fita bai yaba ba.

Na ce, "Malam, wannan ba ha'inci ba ne?"

Ya ce, "Su da suka zuba maka yara sittin a kan benci biyar suka ce ka yi musu Turanci, su me suka yi? Ka ci jarrabawarka tukuna, in ka zama malami ka gyara duniya."

Kwana biyu ina jujjuya maganar a raina. A rana ta uku labari ya zo cewa wani abokin karatuna da aka tura Damagum ya faɗi a zuwan mai duba shi na biyu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Washegari na fara.

Darasin wuraren samun ruwa na zaɓa. Na samo kwali na zana girgije da rijiya da kogi da famfo, na shafa musu kala. Tambayar farko na ba 'yar wata nas, yarinya mai zaƙin murya. Ta biyu na ba ɗan wani tela, haka har tambaya takwas, duka a kan benci. Na yi abin da ko tsohon malamin bai koya min ba. A takardar makin akwai wurin da ake duba yadda malami yake gyara kuskure, saboda haka na sa wani yaro ya riƙa ba da amsar da ba daidai ba, ni kuma in gyara masa cikin lallashi. Har barkwanci na saka a tsakiya, na nuna musu inda za su yi dariya. 'Yan ƙasa kuwa na ja musu kunne: in na yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, amma kada wanda ya buɗe baki. Kullum bayan an shigo daga taron safe sai mun yi wannan kafin komai. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har ina ganin na fi mai ajin iyawa.

Amma hankalina bai kwanta ba. Makarantar a bakin titi take, duk ƙarar mota da na ji sai in leƙa taga da alli a hannu. Ran Laraba, ranar kasuwa, manyan motoci ke wucewa shaƙe da shanu, ƙahoninsu sun leƙo ta sama, sai in ji kamar ni ake nuna wa hanya. Abinci ya daina shiga. A gida Baffa bai taɓa tambayata yaya makaranta ba, shirunsa ma ya fi tambayar nauyi. Babban yayana ne mai tsokana. In na shigo da keke sai ya ce, "Malam, sannu da aiki. Mun fa share maka wuri a rumfa, in an tashe ka daga can." Ina dariya, amma ta fatar baki ce.

Sati shida muna wannan maimaici, har zafin bazara ya kai inda ya kai. Wata ranar Alhamis da safe, mun gama darasin baƙo ke nan, hedimasta ya shigo. Ya ce an aiko daga ofishin ilimi kowace makaranta ta kai yara filin wasa na cikin gari don gwajin maci, kuma masu cikakken yunifom da takalmi ake so. Ya tsaya yana nunawa da yatsa, kai, ke, kai. Kafin in ankara benci biyar sun zama wayam.

Na bi shi baranda na ce, "Ranka ya daɗe, a bar min ko huɗu daga ciki."

Ya ce, "Malam, umarni ne daga sama. Kafin azahar sun dawo. Wata guda da rabi ba ta zo ba, sai yau?"

Mai ajin ma da shi aka tafi rakiya. Aka bar ni da yara arba'in da wani abu, suna zaune a ƙasa inda suka saba, ga benci a gabansu ba kowa, ba wanda ya matsa. Na ba su rubutu a allo, na tsaya bakin taga ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wajen ƙarfe goma tsohuwar motar kwaleji ta sauka daga titi ta shigo harabar makaranta. Na ga tabarau ɗin malamar ta gilashin baya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yi sallama, yara suka miƙe suka gaishe ta. Ta ɗauki kujerata da kanta ta kai can baya, ta zauna a tsakiyarsu. Na ce yara su dawo kan benci. Suka kalli juna. Da kyar kaɗan suka taso, suka ɗosana a gefe-gefe kamar baƙi a ɗakin amarya. Ta miƙo hannu in ba ta littafin shirin darasi. Gaba kura baya sayaki: in na yi sabon darasi, shirun sati na uku zai dawo, in na yi na baƙo, masu amsa suna filin maci. Shafin darasin baƙo ne kaɗai mai tsabta, da jan layi da zane, wurin kwanan wata kawai na bari. Na cike shi, na miƙa mata.

Na rataye kwalina, na juyo, na yi tambayar farko da Turanci: daga ina muke samun ruwa? Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, yadda na koya musu. Na tsaya ina kallonsu. Dole in ta da wani, kuma a nan ne na gane ban san wanda zan kira ba. Na nuna wata doguwar yarinya da ke jingine da bango, na ce, "Ke."

Ta miƙe. Ta ba da amsar daidai, da Turanci, har da yadda 'yar nas take jan ƙarshen maganar. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina Allah ya rufa asiri. Na buɗe baki zan yaba mata, sai ta riga ni. Ta faɗi abin da nake faɗa a wurin: madalla, a tafa mata. Aji ya tafa sau uku. Kafin tafin ya mutu, wani yaro daga kusurwa ya jefo tambayata ta biyu, da irin muryata. Wasu suka amsa masa. Daga nan abin ya ƙwace. Aji duka ya ɗauka baki ɗaya, tambaya da amsa, tambaya da amsa. Suka kawo kuskuren da na shirya, suka gyara shi cikin lallashi. Suka yi barkwancina, suka yi dariya daidai inda na sa a yi. Ina tsaye da alli, zufa na bin bayana, na ɗaga hannu in tsayar da su, suka ɗauka alama ce ta su ƙara murya. Ba su tsaya ba sai da suka kai ƙarshe, suka tambayi kansu ko akwai mai tambaya, suka amsa wa kansu babu.

Aji ya yi tsit. Abin da har yau yake ci na shi ne fuskokinsu. Murna suke yi. Sati shida suna zaune a ƙasa suna sauraro, an hana su buɗe baki, ashe sun kwashe komai. Yau 'yan benci ba sa nan, sun ga malaminsu ya shiga uku, sun fitar da shi kunya. Kallona suke suna jira in ce sun kyauta. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malamar ta tashi a hankali. Ta dafa kafaɗar doguwar yarinyar, ta yi mata magana da Hausa.

"'Yata, a ina kuke ɗebo ruwa a gidanku?"

"A rijiya, Malama. Ni nake ɗebowa kullum."

"To, cikin abin da kika faɗa yanzu da Turanci, ina rijiya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Malamar ta ce ba komai, ta yi ƙoƙari, ta zauna. Ta yafito ni muka fita baranda.

Na fara haɗa magana, maci, hedimasta, benci biyar. Ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Malam, ba kai ka fara ba. Darasin baƙo na san shi tun kana goye. Da shi kaɗai ne, da na yi maka faɗa na ba ka makin tsira, don na san halin da ajin nan yake ciki. Yarinyar da ka tayar, ya sunanta?"

Na leƙa yarinyar ta taga, sunan bai zo ba.

"Wancan na kusurwa, mai kwaikwayon muryarka fa?"

Na laluba kaina, ba komai. Sunayen 'yan benci ashirin suna bakina, har da na iyayen wasu. Rajista kuwa mai ajin ne yake kira tun kafin in shigo.

"Ka faɗa min sunan mutum uku cikin waɗanda ke ɗakin nan yanzu."

Ko ɗaya ban iya kawowa ba. Ta tambaye ni satina nawa a ajin, na ce tara. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta rufe biro, ta ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Direba ya ta da mota, suka wuce makaranta ta gaba.

Kwana shida na riƙe maganar a cikina. Ina zuwa makaranta, ina dawowa, ina zama a gaban kwano ba na ci. Mahaifiyata ta ɗauka zazzaɓi ne, har ta dafa min saiwa. Na yi tunanin in yi shiru sai sakamako ya fito, na yi tunanin in ce malamar ce ta tsane ni. Amma Potiskum ba ta ɓoye labari, gara ya ji daga bakina. Ran Laraba da aka tashi, ban biya gida ba, na tura kekena zuwa kara. Na ce tunda nan zan ƙare, bari in kai kaina da ƙafata.

Kasuwa ta cika ta batse, kukan shanu da ihun masu lodi, warin kashi da zafin rana. Na raɓa ta bayan turaku, ina kauce wa ƙaho, har na iso rumfar Baffa. Yana zaune a kan buzu, ya gama sallar azahar, yayyena suna can cikin shanu. Na jingine keke na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya san ba lafiya ba.

Na ce, "Baffa, na faɗi. An ce sai na maimaita. Na zo kamar yadda ka ce."

Ya ce, "Karatun ne ya fi ƙarfinka?"

Na ce a'a. Ban san abin da ya sa ba, sai na kwashe komai na faɗa masa, da darasin baƙo, da maci, da yadda yara suka haddace har muryata, da tambayar da malamar ta yi min a baranda. Yana ji yana jan carbi. Wurin haddar har ya ɗan murmusa. Da na zo kan sunaye, carbin ya tsaya.

"Su nawa ne yaran?"

"Sittin da uku."

"Kwana nawa kana tare da su?"

"Wata biyu da 'yan kwanaki."

"Kullum kana ganinsu?"

"Kullum, Baffa."

 Wani mutum ya leƙo zai yi masa maganar ciniki, Baffa ya ce masa ya ɗan jira. Sannan ya juyo gare ni, ba fushi a muryarsa.

"Ka ga mutanen nan? Daga Gadaka wani yake koro shanunsa, wani daga inda ya fi nan nisa, ya damƙa min ya tafi sallah. In ya dawo, sai in gaya masa wacce ce ba ta ci ba, wacce ke ɗingishi, wacce aka taya. Da wannan nake ci da ku. Kai an ba ka 'ya'yan mutane, masu baki, masu suna, wata biyu ba ka san su ba. In na ajiye ka a rumfar nan, dabbar wa zan ba ka?"



Ya ce, "Ba ni da wurinka a nan. Koma ka maimaita shekararka."

Ya yafito mutumin da ke jira, suka shiga maganarsu. Ina nan durƙushe, ba wanda ya ce in tashi. Shekara uku ina fargabar ranar da karar nan za ta karɓe ni, ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma tana iya ƙi na ba. An ba ni shekarar da nake nema, amma ko kusa ban ji daɗi ba, kunya ce kawai ta lulluɓe ni. Na miƙe na karkaɗe gwiwar wandona, na ja kekena na bi ta tsakiyar shanu na fita.